Ƙarfe Ya Hau Rufi, Jami'a Tana Gefe

Daga Tamburawa a ƙasar Dawakin Kudu zuwa Kura da Bunkure, rumfunan injinan casar shinkafa da ɗakunan ajiya da ake ɗagawa a bakin titin Zariya yanzu kusan duk da ƙarfe ake haɗa musu kai. Katako ya ja baya, azara kuwa sai a tsofaffin gidaje.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwanta ya fara bin hanyoyin Kadawa, noman rani ya mayar da yankin matattarar shinkafa da tumatir. Amfanin gona mai yawa yana buƙatar rumfa mai faɗi wadda babu ginshiƙi a tsakiyarta, yadda babbar mota za ta shiga ta juya, kuma katako ba ya iya wannan tazara. Ga shi daga kudu ake kawo shi, sau da yawa ɗanye, ya bushe ya karkace a kan gini, gara ta ƙarasa shi.

Matsalar ita ce wa yake lissafin wannan ƙarfe. A mafi yawan ƙananan ayyuka, mai gini ne zai je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo abin da aljihunsa ya iya, ya damƙa wa mai walda, shi kuma ya auna da ido da abin da ya gani a wajen maigidansa. Gwanintar masu walda ba abin rainawa ba ce. Amma ido ba ya gane kaurin da aka rage a masana'anta, ba ya kuma faɗa maka nauyin iskar farkon damina a kan rufi mai faɗi. Tun da aka saki darajar naira a 2023 ƙarfe ya yi tsada, sai kowa ya koma neman mai sirara. Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki: tururin gumin shinkafa yana taruwa a ƙarƙashin kwano kullum, tsatsa ta kama daidai mahaɗar da aka yi walda.

Waɗannan duk tambayoyi ne na ɗakin gwaji, kuma ɗakunan suna kusa. Akwai sashen injiniyancin gine-gine a Jami'ar Bayero, akwai a Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Dawakin Kudu kanta makarantar kimiyyarta da aka buɗe a 1977 tana tura yara waɗannan sassa. Ɗalibai suna gwada rodi, su rubuta kundi, a ba su maki, kundin ya hau kanta.

A Amurka ba haka aka yi ba. A 1939 ƙungiyar masu sarrafa ƙarfe ta ƙasar ta ɗauki nauyin binciken George Winter a Jami'ar Cornell kan siraran ƙarafan da ake lanƙwasawa ba tare da wuta ba. A 1946 aka fitar da ƙa'idar farko ta gini da su. Ba don Allah kamfanonin suka biya ba. Dokokin gini na lokacin ba su san kayansu ba, suna son kasuwa ta buɗe.

A nan ne zancen namu ya sha bamban. Wanda zai biya kuɗin bincike shi ne mai ƙera kaya da yake son a yarda da su, mu kuwa ba mu da shi da ƙarfinsa. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara a 1979 har yau ba ta cika alkawari ba. Masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina an sayar da ita ga 'yan kasuwa, kuma dama rodi aka gina ta ta yi. Abin da ke kasuwa ko shigo da shi aka yi, ko an narka shi daga kayan 'yan gwangwan. Ɗan kasuwar da ke sayar da shi ba shi da ribar da zai ci idan aka auna kayansa, wataƙila ma asara ce. Ta ɓangaren jami'a kuma, takardar da malami ya wallafa ce take ɗaga shi, ba rumfar da ya hana faɗuwa ba. Kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ma ba ya tilasta masa neman abokin aiki a kasuwa.

A ganina, jiran babban kamfanin ƙarfe ɓata lokaci ne. Masu injinan shinkafa su ne ke asara in rufi ya kwashe a kan buhuna, suna da ƙungiyoyi, suna da kuɗi. Su ne za su iya biyan sashe guda ya gwada ƙarafan Ƙofar Ruwa, ya fitar da zane kaɗan na rumfa mai faɗi kaza da kauri kaza, a rubuta da Hausa yadda mai walda zai karanta. Yankin ma ya saba da irin wannan hulɗa: tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa ta daɗe tana gwada iri a gonakin nan, manoma suna leƙowa suna ɗauka.