Tantanin Ƙwayar Halitta: Gininsa da Aikinsa

1. Gabatarwa

Kalmar tantani tsohuwa ce a bakin Hausawa, da ita ake kiran fata marar kauri wadda ta lulluɓe wani abu a cikin jiki. A wannan maƙala an are ta domin kiran lulluɓin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta, watau ɗan ƙanƙanen ɗakin nan mai rai wanda daga irinsa aka gina jikin mutum da na dabba da na tsiro. Kaurin wannan tantani bai wuce nanometa 7 zuwa 10 ba, nanometa kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Duk da haka, shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga ƙwaya da abin da zai fita.

2. Kayan gini

Manyan sinadaran rayuwa iri huɗu ne. Akwai furotin, wanda sarƙa ce ta asid amino iri 20. Akwai dangin sukari, kamar garin da ke cikin hatsi da rogo. Akwai asid nukleyik, watau ADN da ARN, masu riƙe da bayanin gado. Na huɗu shi ne maiƙo. Uku daga cikinsu ne suka haɗu a tantani: maiƙo da furotin da sukari.

Maiƙon da ya fi yawa a ciki ana ce masa fosfolipid. Yana da kai guda mai son ruwa, da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Da yake akwai ruwa a cikin ƙwaya kuma akwai shi a wajenta, sai maiƙon ya jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwa ta kowane gefe, wutsiyoyi suna ɓoye a tsakiya. Kowa ya san man gyaɗa ba ya haɗuwa da ruwa. Wannan hali ne ya mai da tsakiyar tantani shinge.

Shingen ba daskararre ba ne. A lokacin hunturu man shanu yakan daskare, man gyaɗa kuwa ya zauna ruwa-ruwa, domin wutsiyoyin maiƙonsa a lanƙwashe suke, ba su iya matsuwa da juna. Tantani yana ɗauke da irin waɗannan wutsiyoyi, sa'an nan a jikin dabbobi kolesterol yana daidaita laushinsa.

3. Yadda aka gano shi

A ƙarshen ƙarni na 19 Charles Overton ya lura cewa abubuwa masu narkewa cikin mai sun fi saurin ratsa ƙwaya. A 1925, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Gorter da Grendel suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka baza shi bisa ruwa, suka ga faɗinsa ya kai kimanin ninki biyu na faɗin fuskar ƙwayoyin. Daga nan suka ce sahu biyu ne. A 1970 Frye da Edidin suka haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum, cikin minti 40 furotin ɗin ɓangarorin biyu ya gauraye. Wannan ya nuna furotin yana yawo a cikin maiƙon. A 1972 Singer da Nicolson suka tattara waɗannan hujjoji, suka bayyana tantani a matsayin shimfiɗar maiƙo mai motsi wadda furotin iri-iri ke nutse a ciki. Har yau wannan bayani shi ne tushe, ko da yake an yi masa ƙare-ƙare.

4. Shiga da fita

Iskar oksijan takan ratsa maiƙon kai tsaye. Gishiri da sukari kuwa sai ta ƙofofin furotin. Ruwa yana bin gefen da gishiri ko sukari ya fi yawa, abin da ya sa nama ke tsatso ruwa idan an barbaɗa masa gishiri. A 1992 Peter Agre ya nuna cewa ruwa ma yana da ƙofarsa, akwaporin.

Wasu ƙofofin famfo ne, masu cin ƙarfi. A 1957 Jens Skou, mutumin Danmak, ya gano ɗaya a jijiyar ƙaguwa. A kowane bugu famfon yana fitar da sodiyom 3, yana shigo da potasiyom 2. Saboda haka sodiyom kullum ya fi yawa a waje, kullum yana neman hanyar komawa ciki. Saƙon jijiya da bugun zuciya sun dogara ga wannan bambanci.

Sukarin da ke fuskar waje na tantani shi ne shaidar ƙwaya. Bambancin jini A da B da O, wanda likita ke dubawa kafin ƙarin jini, bambancin wannan sukari ne.

5. Abin da ya shafi gida

A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa a ƙaramin hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da gulukos sai tare da sodiyom. Idan su biyun sun shiga, ruwa yakan bi su. Dafin ƙwayar cutar kwalara yana sa tantanin hanji ya riƙa zubar da gishiri da ruwa, amma bai lalata wannan ƙofa ba. A nan ne asirin ruwan gishiri da sukari yake. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi aiki da shi a sansanin ƴan gudun hijira a Bengal ta Yamma, ƙasar Indiya, mace-macen kwalara suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Awo yana da muhimmanci. Ƙunshin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002 yana da giram 2,6 na gishiri da giram 13,5 na gulukos, haɗe da potasiyom da sitrat, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Inda babu ƙunshin, akan zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, shafaffu, a lita ɗaya. Idan uwa ta ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, ruwan da ke hanji zai fi na jiki kauri, sai ruwa ya fito daga jiki zuwa hanji, zawo ya ƙaru. Idan gishiri ya yi yawa, shi ma haɗari ne.

6. Kammalawa

Malamin lakwal da ma'aikacin asibiti a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa suna bukatar kalmomin da za su faɗi wannan dalili da Hausa, domin uwar da ta san abin da ya sa aka ƙayyade awon ta fi kiyaye shi. Kalmomin tantani da maiƙo da ƙofa da famfo suna nan a harshen. Sunayen sinadarai ne kaɗai aka aro, aka rubuta su bisa ƙa'idar rubutun Hausa, kuma ana gabatar da su ga masu koyarwa domin su gwada su a aji.