Allura biyu a gaban kunne

Ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji wani ƙashi yana zamewa. Gaɓar muƙamuƙi ke nan, a cikinta kuma akwai ɗan faifan guringuntsi. Idan faifan ya goce ko ya manne, sai baki ya ƙi buɗuwa. Mai lafiya yakan jera yatsu uku tsakanin haƙoransa na sama da na ƙasa, mai wannan ciwo kuwa biyu ma da ƙyar. Loma ta gagara, hamma ta zama azaba.

A da, in magani ya ci tura, sai a tsaga fatar gaban kunne. Tabo ne ƙaramar damuwa. Jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta wannan yanki, kuma reshenta mai ɗaga gira yana gab da inda wuƙa ke bi. In aka taɓa shi, gira ta faɗi, wani lokaci har abada.

A 1975 likita Masatoshi Ohnishi na Japan ya bayyana yadda ya zura siririn madubi cikin gaɓar ya leƙa ba tare da tsagawa ba. Amma abin da ya fi burge ni shi ne aikin Dorrit Nitzan ta birnin Ƙudus da abokan aikinta, wanda suka wallafa a 1991. Sun nuna cewa sau da yawa wankin gaɓar kaɗai ya wadatar. A kashe wurin, a soka allura biyu, ruwan gishirin asibiti ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayar. Ƙarfin ruwan ya ɓamɓare abin da ya manne, ya kwashe sinadaran kumburi, majiyyaci ya kwana a gidansa.

Haka ma tsakuwar da ke toshe hanyar yawu, yanzu ana ciro ta ta cikin baki, maimakon a yanka wuya a cire ƙullin yawun ɗungurungum.

Sai dai kada a ɗauka allura na warkar da kowane ƙullewar baki. Yaron da ya faɗi da haɓa, gaɓar ta karye, ƙashi ya haɗe da ƙashi, dole a buɗe a yanke. Haka waɗanda cutar zaizayar baki, wato noma, ta ɗaure musu muƙamuƙi da tabo, irin waɗanda ake kaiwa asibitin Noma na Sakkwato. Shi ya sa hoton gaɓar ke zuwa kafin komai, don shi zai nuna wa likita ko faifai ne ya maƙale, ko kuwa ƙashin ne ya riga ya haɗe.