Johnny Cash: Mawaƙin Da Ya Sauya Kiɗa Bai Sauya Harshe Ba

Lokacin da nake makarantar sakandare, yayana yana da kwali guda cike da kaset-kaset na waƙoƙin karkarar Amurka, waɗanda ake kira kantiri. Don Williams da Kenny Rogers da Jim Reeves su ne 'yan gida, kamar yadda suke a gidajen 'yan boko da dama a wancan zamani. A cikin kwalin akwai kaset ɗin da ban cika so ba, domin muryar mai shi kauri gare ta, kamar ta dattijon da ya zo isar da saƙon rasuwa. Sai da na yi nisa a nazarin harshe sannan na gane cewa wannan mawaƙi, Johnny Cash, ya fi sauran darasin koya.

An haife shi a shekarar 1932 a jihar Arkansas, ya tashi a garin Dyess, inda gwamnati ta tsugunar da talakawan manoma lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Tun yana ƙarami yake tsintar auduga. A 1944 zarton inji ya yi ajalin yayansa Jack, rashin da bai daina ambatonsa ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya yi aikin sojan sama a Jamus, sai ya sauka a birnin Memphis, inda a 1955 kamfanin Sun na Sam Phillips ya fara buga masa faifai. A wannan kamfani ne Elvis Presley da Carl Perkins suke cakuɗa kiɗan karkara da na baƙar fata, gaurayen da kiɗan rok ya tsiro daga cikinsa. Cash ya ɗauki zafin bugun jitarsu, kuma waƙarsa "I Walk the Line" ta 1956 ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri.

Abin da ya ja hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, duk wannan sabon kiɗa bai taɓa bakinsa ba. Kalmominsa gajeru ne, yawancinsu masu gaɓa ɗaya ko biyu, irin waɗanda manomi da leburan jirgin ƙasa suke magana da su. Jimlolinsa labari suke bayarwa: wane ne ya yi, me ya yi, me ya biyo baya. Sau da yawa kuma da bakin mai laifin yake magana, ya ce "ni", ta yadda mai sauraro ba shi da damar tsayawa gefe yana yanke hukunci.

Wannan harshe ne ya kai shi inda abokan sana'arsa suke gudu. A 1964 ya fitar da faifan Bitter Tears a kan zaluncin da aka yi wa 'yan asalin Amurka, gidajen rediyo da yawa suka yi biris da shi, sai ya sayi shafi a mujallar Billboard ya ƙalubalance su. A Janairun 1968 ya naɗi faifai a gaban fursunonin gidan yarin Folsom, a 1972 kuma ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar dattawa yana neman a gyara gidajen yari. Ba waliyyi ba ne. Ƙwayoyi sun cinye masa shekaru, sun taimaka wajen rushe aurensa na farko, an kuma kama shi da su a 1965.

Duniya rawar 'yan mata ce. A 1986 kamfanin Columbia ya sallame shi bayan kusan shekara 30, kasuwa ta koma ga matasa. Wanda ya dawo da shi a 1994 shi ne Rick Rubin, mutumin da aka sani da shirya waƙoƙin rap da rok, kuma dabararsa ita ce ya bar tsoho da jitarsa da muryarsa kurum. A 2002 Cash ya rera "Hurt", waƙar ƙungiyar rok ta Nine Inch Nails, ta fita daga bakinsa tamkar wasiyyar mai bankwana. Matarsa June Carter ta rasu a watan Mayun 2003, shi kuma ya bi ta a Satumba, yana da shekara 71.

Mai karatu, mu ma a nan muna ta jayayya ko fiyano ya kashe waƙar Hausa. Ina ganin mun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ɗaga darajar karen mota, domin ya san harshensa da damuwarsa. Cash ya bi kiɗa iri-iri na kusan rabin ƙarni, amma manomin Dyess bai daina gane maganarsa ba. Saboda haka kafin mu tambayi matashin mawaƙi da me yake kiɗa, mu fara tambayarsa da bakin wa yake magana, kuma ko mutanen nan za su ji kansu a ciki.