Ko Ka Sani? Bindigar Da Ke Shan Ruwa

Duk maharbin da ya taɓa ɗana adaka ya san yadda take tokarin kafaɗa idan ta tashi. Wani Ba'amurke mai suna Hiram Maxim, mazaunin Landan, ya ga bai kamata wannan ƙarfi ya tafi a banza ba. A 1884 ya ƙera bindigar da tokarin nan ne ke yi mata aiki: harsashi na fita, ƙarfinsa ya tura ƙarfen ciki baya, ya tofar da kwanso, ya jawo sabon harsashi daga wata doguwar ɗamara ta yadi mai ɗaukar 250, ya cusa, ya sake tashi. Aikin mutum kawai ya danne kunama. A minti guda tana iya aman harsasai wajen 500.

Ƙarfen da ke irin wannan aiki dole ya yi ja. Sai Maxim ya sa bututun cikin wani kwanko mai cin ruwa kimanin lita huɗu, kamar dai durom ɗin nan da ake girkewa kusa da tsohon injin niƙa don kada ya ƙone. In harbi ya yi tsawo ruwan tafasa yake, tururi ya tashi ya tona wa abokan gaba inda bindigar take. Shi ya sa daga baya aka riƙa jona mata tiyo ana kai tururin cikin galan.

Ƙasar Hausa ta san ta tun kafin Turai ta ɗanɗana. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland na sojan Ingila ya tashi daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa huɗu da bindigar Maxim huɗu. Suka fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano. A watan Maris kuma ita ta tare dawakan Sarkin Musulmi Attahiru a bayan ganuwar Sakkwato. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Doki ne ba ya iya ratsa fili a gaban wannan ƙarfe.

Abin da manyan hafsoshin Turai suka kasa hangowa, ko suka ƙi, shi ne ranar da kowane ɓangare zai mallake ta. Ranar ta zo a 1914, da babban yaƙi ya ɓarke a Turai. Ta Jamus jikar Maxim ce, ta Ingila mai suna Vickers ma haka, ta Rasha ma haka. Wanda ya miƙe tsaye ya faɗi, don haka kowa ya ɗauki shebur. Kafin shekara ta ƙare an haƙa ramuka tun daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita wajen 700, gabansu waya mai ƙaya, cikinsu taɓo da ɓeraye da ƙwarƙwata. Aka shekara uku da ɗoriya layin bai wani gusa ba. Ran 1 ga Yulin 1916, a bakin kogin Som da ke Faransa, sojojin Ingila suka fito daga rami suka nufi Jamusawa. Kafin dare an kashe musu mutum sama da 19,000.

Namu ma sun shiga ramin, sai dai ba a Faransa ba. A ƙarshen Agustan 1914 wata rundunar sojan Nijeriya, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta, ta tashi daga Yola ta auka wa Garwa, a Kamaru ta Jamus. Da dare suka kame ɗaya daga cikin sansanonin, gari na wayewa Jamusawa suka buɗe musu Maxim. Kwamandan rundunar, Laftanar Kanar Maclear, nan ya kwanta, saura suka koma Yola. Da aka dawo a 1915 ƙarƙashin Kanar Cunliffe, tare da Faransawa, an dawo da wayo. Jamusawa sun kewaye kansu da waya da ramukan da aka kafa masu a ciki aka rufe bakinsu. Sai sojoji suka riƙa haƙa da dare, su kwanta da rana, kullum rami na ƙara matsawa. Aka kuma ciro babbar igwa daga jirgin ruwan yaƙi, aka hauro da ita ta Binuwai. Ita ta karya Garwa ran 10 ga Yuni. A dutsen Mora kuwa, gabas da Borno, Kyaftin von Raben ya toge tun 1914, bai sauko ba sai Fabrairun 1916, bayan sauran Kamaru duk ta faɗi.

A Turai maganin da aka samo shi ma inji ne: akwatin ƙarfe mai tafiya a kan sarƙa, mai take waya ya haye rami. Don ɓoye sirri aka ce tankin ruwa ake ƙerawa, sunan ya bi shi. Ran 15 ga Satumbar 1916 tankokin farko suka shiga fage a Som, da yawansu kuma suka lalace a hanya tun kafin su kai ga Jamusawa.