Hoton Ƙirji: Abin da Baƙi da Fari Suke Nufi

Da hunturu ya kama, ƙura ta rufe kwarin Komadugu, tari kan yawaita daga Diffa har Bosso. Wanda tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sau da yawa akan tura shi babban asibitin jihar Diffa a ɗauki hoton ƙirjinsa, abin da jama'a ke kira "radiyo". Sai ya fito da baƙar leda da takarda cikin Faransanci, gabansa na faɗuwa.

Tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi a Jamus, ƙa'idarsa ba ta sauya ba. Hasken na ratsa iska cikin sauƙi, shi ya sa lafiyayyen huhu ke fitowa baƙi. Ƙashi da zuciya na tare shi, sai su fito fari. Saboda haka baƙi a huhu galibi ba abin tsoro ba ne. Farin da ya bayyana inda bai kamata ba, shi likita ke nema.

Idan takarda ta ce "opacité", farin tabo aka gani. A ƙasan huhu, tare da zazzaɓi, yakan zama ciwon sanyin huhu. A saman huhu, musamman in akwai rami a ciki, ana zargin tarin fuka. "Épanchement" ruwa ne da ya taru kewaye da huhu. "Cardiomégalie" kuwa zuciya ce ta wuce rabin faɗin ƙirji, sau da yawa sanadin hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba.

Sai dai hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Tsohon tabon ciwon da ya warke yakan zauna shekaru. Gwajin kaki, kamar na na'urar GeneXpert, shi ke tabbatar da tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a Nijar, ana sha wata 6. Tarin fuka ya fi shafar iyalan da rikici ya raba da gidajensu tun 2015, domin cunkoso na saurin yaɗa cutar.

Mace mai ciki ta sanar da ma'aikaci kafin a ɗauki hoton. A adana tsohon hoto, a kawo shi a gwada da sabo. Duk wanda tarinsa ya wuce mako 2, ya je asibiti, kuma kada ya bar gaban likita sai ya fahimci abin da aka gani a ƙirjinsa.