Shiri na Yau: Manhajarka Ta Ƙi Ganin Databes a Kan Tomcat? Ga Inda Za Ka Duba

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin nan ga waɗanda datarsu ba za ta ja sauti ba, ko kuma suka fi son karantawa a natse.

Yau maganar ta masu rubuta manhaja da Java ce, musamman masu ɗora aikinsu a kan Tomcat. Amma ko da wani yaren kake aiki kar ka wuce, don tsarin binciken duk kusan ɗaya ne.

Bari in fara da abin da ya taɓa faruwa da ni. Wata makaranta ta ba ni aikin shafin duba sakamakon jarrabawa. Na gama, na gwada a laftof ɗina, komai lafiya lau. Daren da za a saki sakamako na ɗora aikin a kan sabar da muka yi haya, na buɗe shafin, sai ga kuskure mai lamba 500. An riga an sanar da iyaye cewa da safe za su duba, ragowar kuɗina kuma sai aiki ya tashi za a biya. Ranar har asuba ban runtsa ba. Abin haushin shi ne kod ɗina ba shi da laifin komai. Matsalar tana cikin wani ɗan fayil na saiti da bai kai layi goma ba.

To, kafin mu shiga gyara, mu fahimci yadda abin yake aiki tukuna.

Tomcat saba ce da ke ɗaukar manhajojin yanar gizo da aka rubuta da Java. A kamfanin Sun Microsystems aka fara ta, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 1999, kuma kyauta ce. Ita manhajarka tana buƙatar rumbun bayanai, wato databes, irin su MySQL ko PostgreSQL. Maimakon ka rubuta adireshin databes da kalmar sirri a cikin kod, sai ka ajiye su a wajen Tomcat, ka ba su suna, misali jdbc/makaranta. Duk sanda manhaja take so, sunan kawai za ta kira. Wannan tsarin shi ake kira JNDI.

Ka ɗauke shi kamar jerin sunayen da ke wayarka. Ba ka haddace lambar kowa ba, suna kake nema ka danna. Idan kira bai shiga ba, ɗaya daga cikin huɗu ne: ko babu sunan a wayar, ko akwai sunan amma babu lamba a ƙarƙashinsa, ko babu layi a wayar, ko kuma komai daidai ne amma wancan ɓangaren ne bai ɗauka ba. Haka nan matsalar take a Tomcat, kuma kowane ɗaya yana da saƙon da yake fitarwa.

Shi ya sa matakin farko shi ne karatu. Kar ka tsaya a kan abin da burauza ta nuna maka. Shiga foldar logs, ka buɗe catalina.out idan Linux kake, sannan ka duba fayil ɗin da sunansa ya fara da localhost mai ɗauke da kwanan watan ranar. Saƙon zai yi tsawo, kar ya tsorata ka. Gangara ƙasa ka nemi layi na ƙarshe da ya fara da "Caused by". Galibi a nan ainihin ciwon yake.

Na farko: babu sunan

Idan ka ga NameNotFoundException, da kalmomin "is not bound in this Context", to Tomcat na ce maka ne ba ta san wannan sunan ba. Abu huɗu za ka duba.

Ɗaya, yadda ka kira sunan a kod. A Tomcat ba a cewa jdbc/makaranta kai tsaye. Cikakken sunan shi ne java:comp/env/jdbc/makaranta. Da yawa a nan suke faɗuwa, don a fayil ɗin saiti gajeren sunan ake rubutawa, a kod kuma dogon.

Biyu, haruffa. Makaranta da babban M daban take da makaranta da ƙaramin m. Ɗauki sunan da ke context.xml, da wanda ke web.xml, da wanda ke kod, ka jera su ka kalla harafi bayan harafi.

Uku, inda ka ajiye fayil ɗin. Wurin context.xml na manhaja shi ne foldar META-INF da ke saman fayil ɗin WAR, kafaɗa da kafaɗa da WEB-INF. Idan ya faɗa cikin WEB-INF/classes/META-INF, Tomcat ba za ta karanta shi a matsayin saiti ba. Fayil ɗin WAR zip ne kawai, buɗe shi ka gani da idonka. Kar ka ce ai na san na saka.

Huɗu, idan a server.xml ka rubuta bayanan, a ƙarƙashin GlobalNamingResources, to manhajarka ba za ta gan su haka nan ba. Sai ka yi mata gada da ResourceLink a cikin context.xml ɗinta. Wajen da aka rubuta global ka sa sunan da ke server.xml, wajen name kuma ka sa sunan da manhaja za ta kira.

Akwai wani tarko kuma. Idan akwai fayil mai sunan manhajarka a conf/Catalina/localhost, shi Tomcat take bi, ta yi watsi da wanda ke META-INF. Sai ka yi ta gyara kana sake ɗorawa, babu abin da ke canzawa, ashe wani tsohon fayil ne zaune a can yana mulki. Leƙa foldar nan kafin ka fara zargin kanka.

Na biyu: akwai suna, babu lamba

Wannan shi ne wanda ya hana ni barci. Saƙon yana cewa "Cannot create JDBC driver of class '' for connect URL 'null'". Kalle shi da kyau. Wajen sunan direba babu komai, adireshi kuma null. Mutane da yawa suna ganin kalmar driver sai su ruga su sake sauke direba. Ba nan matsalar take ba.

Abin da ya faru shi ne ka ambaci sunan a web.xml ta hanyar resource-ref, don haka Tomcat ta san akwai sunan. Amma ba ta samu Resource ɗin da ke ɗauke da adireshi da sunan direba da kalmar sirri ba, sai ta miƙo maka fanko.

A nawa lamarin, ina aiki ne da Eclipse. Shi kuwa Eclipse yana ajiye nasa kwafin fayilolin saitin Tomcat a wata folda mai suna Servers, kuma a can na rubuta bayanan databes ɗin. A laftof komai na tafiya. Da na haɗa WAR na tura, web.xml ya tafi da sunan, bayanan kuma suka tsaya a gida. Da na mayar da su META-INF/context.xml na sake ɗorawa, shafi ya buɗe. Ka ga duk binciken da muka yi a kan na farko, shi ne dai za ka maimaita a nan.

Na uku: babu direba

Idan saƙon ya ce "Cannot load JDBC driver class" kuma ya ambaci sunan direban, ko ka ga ClassNotFoundException, to yanzu ne maganar direba ta taso. Direba shi ne ɗan fayil ɗin jar da ke yi wa Java da databes tafinta. Wurin da ya fi aminci a ajiye shi shi ne foldar lib ta Tomcat kanta. Idan ma a server.xml ka yi saitin, dole ne ya kasance a can, don saba tana buƙatarsa tun kafin ta waiwayi manhajarka. Kar ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a lib ɗaya a WEB-INF/lib, musamman idan sigarsu ta bambanta. Kuma bayan ka saka, sai ka kashe Tomcat ka sake kunna ta.

Duba sunan direban ma. Na PostgreSQL shi ne org.postgresql.Driver. Na MySQL a da com.mysql.jdbc.Driver ne, amma daga siga ta 8 ya koma com.mysql.cj.jdbc.Driver. Idan ka rubuta sabon suna alhali tsohon jar na 5.1 ne a foldar, ba za a same shi ba.

Na huɗu: an kira, ba a ɗauka ba

Idan ka ga "Communications link failure" ko "Connection refused", albishirinka, saitin sunan ya yi daidai. Yanzu tsakaninka da databes ne. Tana kunne kuwa? Lambar ƙofa daidai ce? MySQL 3306 take amfani da ita idan ba a canza ba, PostgreSQL kuma 5432. Idan a cikin Docker manhajar take, ka tuna localhost a wurinta yana nufin cikin akwatinta ne, ba kwamfutar da ke ɗauke da ita ba. Idan kuma "Access denied for user" ka gani, to suna ne ko kalmar sirri, ko kuma ba a ba wannan mai amfanin izinin shigowa daga wannan na'urar ba.

Gwaji mafi sauƙi: daga kan sabar kanta, gwada shiga databes ɗin da hannu, da suna da kalmar sirrin da ka rubuta a fayil. Idan ya ƙi, rabu da Tomcat, ba laifinta ba ne.

Wani ƙaramin abu mai ɓata dare: context.xml fayil ɗin XML ne, alamar & ba ta zama a cikinsa haka tsirara. Idan adireshinka ko kalmar sirrinka na da ita, sai ka rubuta & a madadinta, in ba haka ba fayil ɗin gaba ɗaya ba zai karantu ba.

Saura wanda ya fi duka mugunta, don shi ba ya fitowa ranar gwaji. Ni ma ya same ni a wannan aikin, bayan iyaye sun fara shiga da yawa. Shafi yana aiki, can sai ya tsaya cak yana ta juyawa, babu saƙon kuskure. In na sake kunna Tomcat ya dawo, bayan ɗan lokaci ya sake tsayawa.

Ga dalili. Buɗe sabuwar hanya zuwa databes yana cin lokaci, don haka Tomcat tana ajiye wasu 'yan hanyoyi a buɗe ana karɓa-karɓa. Kamar gugan rijiyar unguwa ne: ka ɗauka, ka ja ruwa, ka mayar. Idan kowa ya ja ya tafi gida da guga, za a kai lokacin da mutane za su yi layi babu abin ja. Ni a kod ɗina akwai wurin da nake ɗaukar hanya ba na rufewa idan an samu kuskure. Maganinsa shi ne try-with-resources, wanda ya zo tun Java 7 a 2011. Shi yake rufe maka ko an yi nasara ko ba a yi ba.

Laifina na biyu, na kwafo saiti daga wani tsohon darasi na rubuta maxActive 50 da maxWait. Ashe daga Tomcat 8 an canza sunayen, maxActive ya koma maxTotal, maxWait ya koma maxWaitMillis. Tomcat ba ta tsayar da aiki saboda tsohon suna, gargaɗi kawai take rubutawa a logs ta wuce. Sai ta koma kan adadinta na asali, wato guga 8, jira kuma babu iyaka. Shi ya sa shafin yake tsayawa shiru. Ina zaton 50 gare ni, ashe 8 ne, su ma suna zurarewa. Amma kar ka ce to bari in zuba 500. Ita ma databes tana da iyakarta: MySQL 151 ne idan ba a taɓa ba, PostgreSQL 100.

Abubuwa biyu kafin mu rufe. Idan ka ga NoInitialContextException, yawanci kana gudanar da kod ɗin ne a wajen Tomcat, misali a gwajin JUnit. Jerin sunayen nan na Tomcat ne, in babu ita babu shi. Sannan masu ƙaura zuwa Tomcat 10, gaskiya ne javax.servlet ya koma jakarta.servlet, amma javax.sql.DataSource da javax.naming suna nan yadda suke, don su na Java ne kanta. Kar ka yi musu canjin kan mai uwa da wabi.

Shawarata ita ce ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka sake kunnawa, ka karanta logs. Idan saƙon ya canza, ko da wani kuskuren ne ya fito, ci gaba ka samu, ka tsallake mataki ɗaya kenan. Kuma kar ranar miƙa aiki ta zama ranar farko da ka gwada shi a kan saba ta gaske.

In za ku turo mana tambaya, ku kwafo layin "Caused by" ɗin, amma don Allah ku goge kalmar sirri da adireshin sabarku kafin ku tura. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.