Ubangiji Ba Ya Cikin Kwalba

Abin nan ya ishe ni. Gidan masu bi da dama idan ka shiga yanzu, sai ka tarar da 'yar kwalbar man zaitun a kan talabijin, ko ruwan leda da wani mai kiran kansa annabi ya hura wa iska, an saye shi da kuɗin cefanen mako guda. Wai a ciki ikon Allah yake.

Bangaskiya dai tun a makarantar Lahadi aka koya mana ita: dogara ga wanda ido bai gani ba. Ibraniyawa sura 11 ta gama wannan magana.

Inda gizo ke saƙar shi ne masu cewa, "Ai Yakubu ya ce a shafa wa marar lafiya mai." Haka ne, yana sura 5. Amma dattawan ikkilisiya aka ce a kira su yi addu'a, kuma babu inda aka yanka farashi. Macijin tagullar da Musa ya ƙera ma, da umarnin Allah aka yi shi, mutane suka dube shi suka warke. Da jikokinsu suka koma ƙona masa turare, Sarki Hezekiya farfasa shi ya yi. To, ina ga man da aka saro a kasuwa aka liƙa masa hoton fasto? Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya fatattake shi. Yau da an ba Siman kujerar gaba.

Talauci da tsoron mayu suna taimaka wa wannan ciniki, ban musa ba.

'Yan'uwa, mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya ajiye maganinsa don an ce ya warke. Ya koma asibiti a auna shi. Irin wannan ruɗi yana kisa: a dajin Shakahola na Kenya, a 2023, gawa sama da 400 aka tono, na mutanen da aka ce su yi azumi har su ga Yesu. Wanda ya ce sai ka biya kafin ya yi maka addu'a, ɗauki takalmanka. Wanda ya ce mahaifiyarka ce ta tare maka arziki, kai ƙararsa wurin dattawa. Shugabannin zumuntar mata, ku ne kuka fi sanin wadda ta sayar da akuyarta ta sayi kwalba. Ku je gidanta tun kafin ta sayar da ta biyu.